An sallamo ƙanwata daga asibiti, kuɗi sun ƙare, an ce mu koma

Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 19, an yi mata aure shekara uku da suka wuce. Wata biyar ke nan da ta haihu, yaron ya koma kwana biyu bayan suna. Mijinta yana ci-rani a Aljeriya, zama da uwar miji ya ƙi daɗi, sai ta yi yaji ta dawo gida. Ranar da mahaifinmu ya ce gobe ta koma ɗakinta, a daren nan ta sha maganin ƙwari na gona. Allah ya sa innarmu ta farga da wuri muka kai ta asibiti. Ta yi kwana biyar a kwance, na kashe jaka 140, na sayar da raguna biyu, na kuma ci bashi. Ranar sallama likita ya ba mu takarda, ya ce cikin satin nan mu kai ta wurin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Mahaifinmu ya ƙi, ya ce ƴarsa ba mahaukaciya ba ce, an riga an gaya wa mutane kuskure ta yi, malam za a kai ta. Dangin miji kuma sun aiko biko. Yanzu tana ci tana sha, amma ba ta magana. Tun da jikin ya warke, dole ne sai mun koma? Wallahi hannuna babu komai.

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannunku da jinya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kuma sa yaron da ya koma ya zama mai ceto. Na fara da ta'aziyyar yaron da gangan, domin a wasiƙarka layi ɗaya ka ba shi, ni kuwa ina zaton a zuciyar ƙanwarka shi ne ya cika wuri.

Amsar tambayarka ita ce e, ka kai ta, kuma cikin satin da likita ya faɗa, ko da sai ka sake cin bashin kuɗin kabu-kabu. Daga cikin dukan abin da asibiti zai yi wa yarinyar nan, wannan ganawar ita ce mafi araha, ita ce kuma kaɗai ta nufi dalilin da ya kai ku asibitin tun farko.

Bari mu fara da jaka 140 ɗinka, don ka san abin da ka saya da su. Yawancin magungunan ƙwari na gona suna aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyi, sai yawu da majina su cika ƙirji, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya gagara. Abin da ma'aikata suke yi a sashen gaggawa shi ne su buɗe hanyar numfashi, su sa oksijin, su yi ƙarin ruwa, su riƙa yin allurar atropin a kai a kai har ƙirji ya bushe, kuma yawan allurar nan da dare da rana na daga cikin abin da ke sa takardun sayen magani su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kwanakin da aka ƙara mata bayan ta farfaɗo ba cin kuɗi ba ne, domin irin wannan guba tana iya dawowa da wani rauni na daban tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu, wuya ta kasa ɗaukar kai, naman da ke jan numfashi ya saki, alhali mutum ya riga ya fara zama yana gaisawa da ƴan dubiya. Mutanen da ke matsa wa likita a sallame su a kwana na biyu saboda tsoron kuɗi, wannan ramin ne suke tsallakawa ido rufe. Kai ka daure ka biya, ka yi daidai. Ko yanzu ku ci gaba da lura da jikin: idan numfashi ya yi mata nauyi, ko tari da zazzaɓi suka taso, ko cikin makonnin nan ta ce ƙafafunta suna mutuwa ko suna mata tsiyaya kamar ana soka allura, ku koma ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.

Tun da ba kai kaɗai kake karanta wannan amsa ba, zan ɗan ratse. Al'adar da muka gada ta ɗura wa wanda ya sha guba manja, ko madara, ko ruwan gishiri, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, tana ƙara ɓarna ne, domin amai a wurin wanda hankalinsa ya yi rauni huhu yake gangarawa. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefensa, a cire tufafin da maganin ya jiƙa, a ɗauki kwalbar ko ledar a tafi da ita, a nufi asibiti mafi kusa ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kuma a gaya wa ma'aikata gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai ƙwayoyin da muke ɗauka ba su da haɗari, waɗanda mutum zai sha ya kwana garau, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara lalacewa, alhali makarinsu ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Iyalin da suka ce wa likita zazzaɓi ne don kunya, su da kansu suka ɓatar da awannin nan.

Mu dawo ga ƙanwarka. An fitar da guba daga jikinta, amma abin da ya sa hannunta ya kai ga kwalbar yana nan inda ta bar shi: yaron bai dawo ba, mijin bai dawo ba, uwar mijin ba ta sake hali ba, ga kuma masu biko a ƙofar gida. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da 700,000 ne ke halaka kansu kowace shekara, kimanin kashi 20 cikin 100 ta hanyar maganin ƙwari, galibi a yankunan noma irin namu, kuma ta ce babu alamar da ta fi nuna haɗari kamar a ce mutum ya taɓa gwadawa. Binciken da aka tattara daga asibitoci da dama, mafi yawansu na Turai, ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na waɗanda aka kawo don sun cutar da kansu suna sake yi kafin shekara ta zagayo, kuma makonni da watannin farko bayan sallama su ne mafi tsanani. Wannan ne ya sa likitan bai ce muku wata mai zuwa ba. Ban kawo alƙaluman nan don in tsorata ka ba, ai su da kansu suna nuna cewa mafi yawan mutane ba sa sakewa, suna tashi su ci gaba da rayuwa, har wata rana su yi mamakin daren da suka shiga. Aikinku shi ne ku tsallakar da ita waɗannan watannin.

To mene ne za a yi mata a can, da har mahaifinku yake gudunsa? Na san hoton da ke zuwa zuciyar mutanenmu da an ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa: Pabiyon E na babban asibitin Yamai, ƙofa a kulle, mutum yana surutai shi kaɗai. Abin da aka rubuta muku ya sha bamban da wannan. Ɗaki ne da kujeru, da ma'aikaci, sau da yawa anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, da ya ƙara karatu na musamman a wannan fanni, zai zauna da ita kamar awa ɗaya yana tambaya tana amsawa. Zai so ya ji yadda daren nan ya kasance daga bakinta: ta daɗe tana shirya abin ne, ko zuciya ce ta ɗebe ta cikin minti kaɗan, ta yi nufin mutuwa ne, ko so take abin da ke cinta ya tsaya ko ta halin ƙaƙa, da ta farka ta ga tana raye, ta ji daɗi ko ta ji haushi. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ƙwarai, kuma babu wani a gidanku da zai iya yi mata ita ya sami amsar gaskiya. Zai tambayi barcinta da cin abincinta, da ko tana kuka, da ko tana ganin laifinta ne yaron ya rasu, da ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji, da ko akwai mai dukanta ko tsangwamarta, da ko tana shan wani abu irin tramol don ta sami sauƙi, da ko ta taɓa yin irin wannan a gidan miji ba ku sani ba. Zai kuma tambayi abin da ke riƙe ta a duniya, wa take jin daɗin zama da shi, wa take iya gaya wa sirrinta, domin daga nan ake fara gini.

Wani ɓangare na ganawar ita kaɗai za a yi da ita, kada ka ji haushi idan aka ce ka jira a waje. Yarinyar da ta tashi da kunyar yayanta ba za ta iya faɗin abin da ya faru a ɗakin aurenta kana zaune ba. Daga baya za a kira ka, ko a kira innarku, a ji naku bayanin, sannan a zauna tare a tsara abin da za a yi. A Ingila, ƙa'idar da hukumar tsara aikin likitocinsu ta fitar a 2022 ta ce duk wanda aka kawo asibiti don ya cutar da kansa a yi masa irin wannan ganawa kowane karo, kuma ta hana a yi amfani da takardar ba da maki wajen yanke cewa wane yana cikin haɗari wane ba ya ciki, saboda an gwada an ga makin ba ya faɗin abin da zai faru. Hira ce ake bukata, ta mutum da mutum. Saboda haka idan kuka je aka yi mata tambaya uku a tsaye aka miƙo takardar magani, kana da damar ka ce, cikin ladabi, kuna roƙon a ba ta lokaci ta yi bayani, ko a sa muku wata ranar da ma'aikacin yake da sarari.

Ba zan faɗi ciwon ƙanwarka daga wasiƙa ba, wannan aikin wanda zai gan ta ne. Amma zan gaya maka abin da idona ya tsaya a kai. Mace mai jego, wadda ta yi wata tara da ciki, ta haihu, aka yi suna, nono ya kawo, sannan aka ɗauki yaron aka kai makwanci, ba miji kusa, kuma mai yiwuwa abin da ta fi ji daga bakin mutane shi ne ta yi haƙuri, wani zai zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da matsalar damuwa bayan haihuwa, har da waɗanda ƴaƴansu ke raye a hannunsu. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana hana barci, yana kashe sha'awar abinci da ta hira, yana sa mutum ya ga kansa kaya ne a wuyan danginsa, kuma yana jin magani. Shirun da ka ce tana yi shi ne ya fi damuna a duk wasiƙar, fiye da bashin da ke kanka.

Idan an ga ya kamata a rubuta mata magani, ka san abu uku game da shi. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauyi, kuma a makonnin farko ake ƙara sa ido, musamman ga mai ƙananan shekaru irinta. Ba a dainawa da an ji sauƙi, ana ci gaba aƙalla wata shida bisa umarnin wanda ya rubuta. Sannan ba a hannunta za a bar shi ba: innarku ta ajiye a inda ake kullewa, ta riƙa ba ta na ranar kawai, ku kuma riƙa sayen na sati ɗaya ko biyu, wanda dama ya fi sauƙi ga aljihunka. Yana yiwuwa kuma a ce ba ta bukatar ƙwaya ko ɗaya, zama da hira da gyaran abin da ke gida sun isa.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita ce ta hana ka barci. A wani babban asibiti na birnin Okusfod a Ingila an taɓa bin lissafin abin da ake kashewa a kan irin waɗannan majinyata, aka wallafa a 2017: kowane zuwa ɗaya yana cin kimanin fam 809, abin da ya kai wajen fam miliyan 162 a shekara idan aka auna da ƙasar baki ɗaya, kuma kuɗin ganawar da nake maka bayani bai kai rabin na zuwa ɗaya ba. Kuɗin gado da na kulawa mai tsanani su ne ke cinye dukiya. A can gwamnati ke biya, a nan ragunanka ne suka biya, amma lissafin bai sake ba: tsadar tana wurin ceto, arahar tana wurin hana a sake komawa. Ka riga ka biya mai tsadar, kuma idan aka sake, Allah ya kiyaye, ba ka da wasu ragunan.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da halinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da shi a ƙasashe biyar, Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, a kan mutane 1,867 da aka kai asibiti bayan sun yi yunƙurin halaka kansu, aka fitar da sakamakon a 2008. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu jinyar da aka saba aka sallame su. Ɗaya kashin aka ƙara musu zama na awa ɗaya ana yi musu bayani, sannan aka riƙa tuntuɓarsu ta waya ko ta ziyara sau tara cikin wata 18. A ƙarshe, waɗanda suka mutu ta hanyar halaka kai a kashi na farko sun kai 2.2 cikin 100, a kashi na biyu kuwa 0.2 cikin 100. Babu na'ura a ciki, babu allura mai tsada, zama ne da tambayar yaya kike. Shi ya sa jagorar da hukumar ta rubuta wa ma'aikatan ƙananan asibitoci ta ce a riƙa ganin irin wannan majinyaci a kai a kai, kamar kowane mako, a wata biyun farko, sannan a riƙa ragewa. Ka tambaya ko bayan zuwan farko za a iya mayar da bibiyar ga ƙaramin asibitin unguwarku, wurin majo, ko a riƙa yin wani ɓangare ta waya, don kuɗin hanya ya ragu.

Ga kuma ƙofofin da ya kamata ka ƙwanƙwasa. Tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyukan jinya da rabi a asibitocinta, don haka ka tambayi farashin ganin ma'aikacin a wurin biyan kuɗi tun kafin ku shiga, ka biya a nan kawai, ka karɓi rasit. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin kula da marasa ƙarfi, wanda ake kira sarbis sosiyal, kuma ma'aikatar magajin gari tana ba da takardar shaidar rashin hali ga wanda bincike ya nuna ya cancanta. Ka je da rasit ɗin jinyar da ta wuce ka yi bayani, ba roƙo ba ne, don irin wannan ranar aka buɗe ofishin. Idan an rubuta magani, ka ce wa mai rubutawa kai tsaye hannunka ya yi ƙasa, a rubuta maka jenerik, domin sinadarin ɗaya ne, kwalin ne ya bambanta, kuma kada ka saye shi a tebur ko wurin masu yawo da shi a rana. Idan innarku ko matarka tana cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda dama a yankin Maraɗin nan aka fara shi a 1991, irin waɗannan ƙungiyoyi sukan ware ɗan abin taimako don rashin lafiya. Sannan kai kanka, da bashin jinya a wuyanka, kana cikin mutane takwas da Suratut Tauba ta ambata a rabon zakka, domin mabarta suna ciki. Kana iya gaya wa limaminku cewa ƙanwarka ta yi jinya mai nauyi, ba sai ka buɗe masa sauran ba. Mijin ma a kira shi a gaya masa, ya aiko da abin da ya samu. Matarsa ce, kuma yadda zai karɓi labarin zai nuna muku abubuwa da yawa game da makomar auren.

Wani zai ba ka shawarar ku tsallaka Katsina don kada a gan ku a nan. Ban goyi baya ba. Kuɗin mota da canji da masauki za su ninka, bibiyar mako-mako ba za ta yiwu daga nesa ba, takardun jinyarta kuma suna nan. Ƙari a kan haka, dokar Najeriya ta daɗe tana ɗaukar yunƙurin halaka kai a matsayin laifi, abin da ba haka yake a dokar Nijar ba. Ma'aikacin lafiya a nan yana ƙarƙashin wajibcin riƙe sirrin majinyaci, ba shi da hurumin gaya wa surukai ko maƙwabta abin da ya ji.

Wannan ya kawo mu ga mahaifinku, kuma ina roƙonka kada ka tunkare shi kamar abokin gaba. Dattijon nan tsoro ne ya kama shi. Yana tsoron a ce ƴarsa ta taɓu, auren ya mutu, wani bai zo ba, ƙannenta ma a guje su. Ƙila kuma, can cikin ransa, yana jin maganarsa ta daren nan ce ta jawo, kuma mutum irinsa ba zai faɗi haka da baki ba. Rufin asirin da yake nema haƙƙin yarinyar ne, ku bar mutanen gari a kan abin da aka gaya musu, babu wanda yake binku bashin bayani. Inda rufin asiri yake zama cuta shi ne idan ya hana a gaya wa mai magani. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar isha'i, ka ce masa likitan da ya ceto ta ya ce jinyar ba ta ƙare ba, saura dubawa, kuma wanda zai ga kun shiga asibiti zai ɗauka dubiyar jiki ce, wanda kuma gaskiya ne. Idan maganarka ba ta shiga ba, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko gwaggonku ko amininsa, mutum ɗaya mai riƙe baki.

Batun malam kuwa, ban ga abin faɗa a ciki ba. A yi mata addu'a, a yi tofi, ta ji karatu, zuciyar mumini tana samun natsuwa da wannan, kuma ma'aikacin asibiti mai hankali ba zai hana ba. Sharaɗina biyu ne: kada addu'ar ta zama dalilin fasa zuwa asibiti, kuma kada a kai ta inda za a ɗaure ta, ko a doke ta, ko a turara mata hayaƙi da sunan fitar da iska, alhali huhunta bai gama murmurewa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ayar Suratun Nisa'i da ta hana mu kashe kawunanmu, a ƙarshenta cewa ta yi Allah mai jinƙai ne a gare mu, amma masu wa'azi da yawa a rabin farko suke tsayawa. Imamu Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa, ya kasa daurewa ya ji wa hannayensa rauni har ya rasu, kuma da labarin ya kai ga Annabi sai ya roƙa masa gafara. Idan wanda ya rasu ya sami addu'a, wadda Allah ya raya ta fi cancantar a tausaya mata. Duk wanda zai zo ya zauna gabanta yana lissafa mata azabar wuta, a tare shi tun daga zaure. Ta san hukuncin, tun tana makarantar allo ta san shi, kuma sanin bai hana daren nan zuwa ba.

Masu biko a ba su haƙuri, a ce tana jinya, likita bai sallame ta gaba ɗaya ba. Ban ce a kashe auren ba, ban kuma ce a mayar da ita ba; wannan magana ce ta gaba, da ita a ciki, bayan mijin ya dawo ko aƙalla an ji ta bakinsa, bayan kuma an san abin da ya faru a gidan. Abin da na sani shi ne umarnin komawa shi ne abu na ƙarshe da ta ji kafin ta aikata, kuma maimaita mata shi a wannan makon wasa da wuta ne. Ya kamata wani ya gaya mata a fili, da bakin da ta yarda da shi, cewa babu mai mayar da ita ko'ina sai ta warke an kuma saurare ta. Idan mahaifinku ne ya faɗa da kansa, ya fi kowace allura.

A gida kuma akwai aikin da ba ya cin ko dala. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka kwashe duk maganin ƙwari da na ɓera da na feshi da ragowar ƙwayoyin da ke cikin gidan, ka kai shagonka ko wani wuri mai makulli, mabuɗin yana aljihunka. Kada ka raina wannan. Irin wannan ƙunci sau da yawa kamar guguwa yake zuwa, ya yi ƙarfi na ɗan lokaci ya wuce, kuma idan babu abin a kusa a lokacin, mutum yakan kai safiya. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi haɗari, adadin masu halaka kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai tsaya ba. Kada a bar ta ta kwana ita kaɗai, amma kada a mayar da ita fursuna ana binta da ido har bayi. A jawo ta cikin aikin gida kaɗan-kaɗan, tsintar shinkafa, riƙon yaro idan ta nuna tana so, zama a tsakar gida da yamma. Kuma wanda ta fi sakewa da shi ya riƙa tambayarta kai tsaye, ba da kewaye-kewaye ba, ko tunanin nan yana dawo mata. Mutane suna tsoron tambayar za ta tuna mata, alhali bincike ya nuna ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Idan ta ce e, ko ta fara rabar da kayanta, ko tana neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya, ko ta kwana biyu ba barci, ko ta yi wani irin sanyi farat ɗaya bayan dogon ƙunci, wannan na gaggawa ne kamar daren farko, a tafi asibiti a lokacin.

Ranar da za ku je, ka ɗauki takardar sallama da littafinta na asibiti da duk takardun maganin da aka rubuta, ku tafi da innarku idan ita ƙanwar taka ta yarda, ku fita da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Ka gaya mata tun daren inda za ku da abin da za a yi, kada a yaudare ta da cewa kasuwa za a je. A hanya ba sai ka yi mata nasiha ba, kuma kada jaka 140 ko ragunan nan su fito daga bakinka ko na wani a gabanta, domin mai irin wannan ciwo dama tana ganin kanta nauyi ce a kanku. Idan ta ɗauko zancen yaron, kada ka ce ta manta. An yi masa suna kafin ya koma, ka ambace shi da sunansa, ka bar ta ta yi kukanta har ku isa.